Malamai, wa ke cinye muna Asabar?

Malamin Lissafi, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son in ji ko ni kaɗai abin ga ke ci ma tuwo a ƙwarya. Ran Juma'a munka tashi makaranta kafin sallah, na dawo masallaci ina murna gobe sai hantsi ya tashe ni. Bayan isha'i sai ga saƙon firinsifal a WhatsApp: taron malamai ƙarfe takwas na safe, kowa ya zo da lesin not, wato rubutaccen shirin darasi, na mako huɗu. Aji uku nake shiga, kowane ya haura yara saba'in, ga takardun gwajinsu jibge ban duba ba. Awa uku munka zauna, kuma duk maganar ba ta wuce masu makara ba. Ku fa, ya taku Asabar take?

Malamar Turanci, Arkilla:
Malam, ai kai da sauƙi, taro kawai anka kira ka. Mu na makarantun kuɗi, da zarar WAEC ta matso, wajen watan Mayu, Asabar ta zama ta 'yan aji shida. Iyaye na biyan kuɗin darasin, amma abin da mai makaranta ke miƙo muna bai kai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ba, balle tun da anka cire tallafin mai a 2023. Ga wanki na jira, ga kitson ɗiya, ga bikin dangin miji da in ba ki leƙa ba an dinga yi da ke ke nan. Lahadi da dare ina guga ina gyangyaɗi.

Malam Mai Alli Biyu, Runjin Sambo:
Ku bari in ba ku dariya. Boko nake koyarwa Litinin zuwa Juma'a. Islamiyyarmu kuma Asabar zuwa Laraba take, hutunta Alhamis da Juma'a. Ku lissafa da kanku: ran da wannan ta sake ni, waccan na riƙe da ni. Ba wanda ya tilasta mani, albashi ɗaya ne ba ya kai wata. Amma a zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, aji rufin kwano babu silin, in na fito da azahar muryata ta dushe, sai a ce kuma in tsaya cike rajista.

Tsohon Hedimasta, Boɗinga:
Ɗiyana, ku yi haƙuri in ce wani abu. Na riƙe makaranta shekaru, kuma wallahi sau da yawa takarda ce ke zo muna daga sama ranar Alhamis, a ce Litinin ake son amsa. Sufeto kuma ba ya sallama kafin ya zo. Hedimasta na tsakiya kamar hatsi tsakanin dutsin niƙa. Sai dai ba zan kare taron Asabar ba. Shugaban da ya kasa samun rabin awa cikin kwana biyar don ya gana da malamansa, tsarinsa ne ya gaza. Kuma malamin da bai huta ba, kan yara yake hucewa ran Litinin, na gani da idona.

Malamar Kimiyya, Gwiwa:
Baba ya faɗi gaskiya. Mu abin da munka yi, ba mu kai ƙara ko'ina ba. Munka tura dattawan malamai biyu sunka samu firinsifal ɗinmu a ofis, cikin ladabi, sunka roƙa a maida taro Alhamis bayan tashi. Ya ɗan ja, daga baya ya yarda. Lesin not kuma na mako guda muke kaiwa yanzu. Ni dai da na idar da la'asar ran Juma'a nake kashe data.

Malamin Lissafi, Mabera:
Na gode ƙwarai. Malama, shawararki zan kai wa mataimakin firinsifal, shi ya fi sauraro. Kashe data kam ba zai yi mani ba, gidan firinsifal ɗinmu layi ɗaya muke, yaro zai aiko.