Tambaya: yaya ake haɗa aikin haske mai bin motsin mutum a barandar makaranta?

Malamar Zane, Jos

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma a ƙarshen zangon farko, cikin watan Disamba, mukan baje kolin ayyukan ɗalibai domin iyaye su zo su gani. A bana wani yayana da ya je Umara ya biya ta Jidda, ya shiga teamLab Borderless, wani gidan baje kolin fasahar haske da aka buɗe a can a 2024, ya turo mini ɗan gajeren bidiyo. A ciki na ga ɗakuna masu duhu da siffofin haske suka mamaye bangonsu da daɓensu, kuma siffofin suna sauyawa idan mutum ya matso ko ya kai hannu. Na yi kuskuren nuna wa 'yan aji biyar, tun daga ranar ba su bar ni na sarara ba.

Muna da wata rufaffiyar baranda mai tsawon mita 10 da faɗin mita 2, wadda za a iya toshe tagoginta ta yi duhu. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda hasken yake sanin inda mutum yake, da kuma ko za a iya yin ƙaramin irinsa da kuɗin da makaranta za ta iya ɗauka. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato yadda zan bambanta aikin da kwalliyar fitilun da masu adon ɗakin biki suke yi, domin ba na son iyaye su shigo su ce ai wannan ado ne kawai.

Injiniyan Lantarki, Abuja

Wa'alaikumus salam, Malama. Duk irin waɗannan ayyuka, manya da ƙanana, sun ƙunshi abin da ke gane mutum, da ƙaramar kwamfutar da ke yanke abin da za a yi, sai kuma fitilun da ke amsawa. Abin da kika gani a Jidda ana yin sa ne da majigi masu yawa da kwamfutoci masu ƙarfi da ke zana hoton nan take, wannan kuwa ya fi ƙarfin aljihun makaranta, amma ka'idar ɗaya ce.

Mafi araha cikin na'urorin gane mutum ita ce wadda ake haɗawa da fitilun tsaro na ƙofar gida, masu shagon lantarki suna ce mata PIR. Ba siffar mutum take gani ba, sauyin ɗumi take ji idan jiki ya gitta gabanta, kuma takan kai kimanin mita 7. Aibinta biyu ne: idan mutum ya tsaya cik sai ta manta da shi, sannan bayan ta amsa sau ɗaya takan ɗauki daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ta sake saurare. Ga aikinki na fi son mai auna tazara da sauti, wato HC-SR04, wadda ke aika ƙara mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wadda kunnen mutum ba ya ji, ta jira ta dawo kamar yadda jemage yake yi. Tana auna daga santimita 2 zuwa mita 4, kuma ko mutum ya tsaya tana sane da shi. Akwai kuma kyamarar Kinect da kamfanin Microsoft ya fitar a 2010 domin wasannin Xbox, wadda masu fasaha suka karɓe saboda tana gane siffar jiki gaba ɗaya, sai dai tana buƙatar kwamfuta a kusa, kuma hasken rana yana rikita ta.

Fitilun da za ki nema su ne zaren LED, wato dogon zare mai ƙananan ƙwayayen fitila a jere, samfurin WS2812B, domin kowane ƙwai a jikinsa ana iya ba shi launinsa dabam. A nan ne mutane suke yin kuskuren lissafi. Kowane ƙwai yana iya jan kimanin wat 0.3 idan ya haska fari tas, don haka idan kika ja zare mai ƙwai 60 a kowace mita a gefe biyu na barandar, kin sami ƙwai 1,200 ke nan, masu iya jan wat 360, wato amfiya 72 a kan bolt 5. Siririyar waya ba za ta ɗauki wannan ba, za ta yi zafi, kuma za ki ga farin hasken yana komawa ja-ja a ƙarshen zaren idan ba a shigar da wuta ta wurare da dama ba. Haka kuma allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da aka fi sani a irin wannan aiki, ba zai riƙe ƙwai 1,200 ba saboda ƙarancin ma'ajiyarsa, gara ki ɗauki allon ESP32. A nan Abuja mukan fara neman irin waɗannan kaya a Banex da ke Wuse 2, abin da ba a samu ba a yi odarsa daga Legas.

Tsohon Ɗalibin Zariya, Rayfield

Malama, barka da ƙoƙari. Bayanin Injiniya ya gamsar ta fuskar kayan aiki, amma da izininsa zan saɓa masa a kan jan zare a gefe biyu na baranda, domin daga nan ne ake faɗawa cikin abin da kike gudu. Dogon zare mai walƙiya daga farko zuwa ƙarshe shi ne ainihin adon ɗakin biki, ko da an haɗa masa na'urar gane motsi.

Abin da ke raba wannan fanni da ado shi ne mai kallo ya gane, ba tare da an gaya masa ba, cewa shi ne ya jawo abin da ya faru. Na koyi wannan ne da wahala. Wata shekara an ba ni aikin haɗa bangon haske a wani taron matasa a Abuja, na kwana uku ina gwaji ni kaɗai a ɗaki, komai yana tafiya daidai. Da aka buɗe ƙofa mutane kusan arba'in suka shigo lokaci guda, dukan na'urorin suka amsa tare, bangon ya kama ci gaba ɗaya bai sake mutuwa ba. Jama'a suka ɗauki hotuna suka wuce, babu wanda ya san cewa bangon yana amsa masa ne. Laifin nawa ne, domin na tsara aikin don mutum ɗaya alhali na san taro zan tarba.

Wannan fanni ya girmi fitilun LED da muke magana a kansu. Tun a shekarun 1970 Myron Krueger a Amurka ya haɗa aikin da ya kira Videoplace, inda kyamara ke ɗaukar siffar mutum a nuna ta a allo tana cuɗanya da zanen kwamfuta. Wanda na fi so ɗalibanki su sani shi ne Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen Meziko da ke aiki a Kanada. A 2001 ya yi Body Movies a wani dandali a Rotadam ta ƙasar Holan: ya haska hotunan mutane a jikin katafaren bango, sannan ya dasa fitilu masu ƙarfi a ƙasa waɗanda suka shafe hotunan, ta yadda ba a ganinsu sai a cikin inuwar masu wucewa. Wanda ya matsa kusa da fitila inuwarsa ta yi tsawon bene, wanda ya matsa kusa da bango ta ƙanƙance, sai ga baƙin da ba su san juna ba suna wasa tare. Duk wanda ya taɓa yin zomo da yatsunsa a gaban fitilar ƙwai lokacin ƙuruciya ya san daɗin da ke cikin wannan, kuma inuwa ba ta jinkiri, da ka motsa ta motsa. A 2006 kuma ya yi Pulse Room a Puebla ta ƙasar Meziko, inda ƙwayayen fitila ke bugawa daidai da bugun zuciyar wanda ya riƙe na'urar aunawa.

Batun jinkiri ba ƙarami ba ne. Idan haske ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yakan ji kamar jikinsa ne ya yi, idan kuwa ya kai daƙiƙa guda sai alaƙar ta yanke, ya ɗauka fitilar tana harkarta ne kawai. Saboda haka na goyi bayan Injiniya a kan barin PIR.

Shawarata ita ce ki kai ɗaliban zuwa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ku zarce sashen gine-ginen gargajiya da ke kusa da shi, inda aka gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya. Su ɗaga kai su dubi bakan gizon da magina suka ɗaure rufin da shi. Maimakon zare ya bi tsawon baranda, a lanƙwasa shi ya zama baka shida a jere, kowane da na'urarsa, kowane yana kwance cikin duhu sai wanda aka shiga ƙarƙashinsa. Hasken ya taso daga gindin bakan ta gefe biyu ya haɗu a tsakiya bisa kan mutum, idan ya wuce ya dushe a hankali a bayansa. Launi ɗaya ko biyu sun isa, ni da zan zaɓa da na ɗauki ruwan ƙasa irin na jan birji. Kuma a tsayar da ɗalibi a bakin ƙofa yana shigar da mutum uku uku.

Maman Ɗalibi, Bukuru

Malama, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abu ɗaya zan ƙara. Akwai masu farfaɗiya da walƙiyar haske ke tayar musu da ciwo, shi ya sa ƙa'idar da ake bi ita ce kada haske ya yi ƙyaftawa fiye da sau uku a daƙiƙa, musamman ja mai ƙarfi. Yara suna son walƙiya, kuma idan kika bar musu zaɓi ita za su sa, don haka ki sa ido a kan wannan. Ki kuma bar ɗan haske a ƙasa da ba ya mutuwa, domin cikin iyayen akwai tsofaffi, kuma baranda mai duhu da wayoyi a ƙasa wurin tuntuɓe ne.

Malamar Zane, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Shawarar bakan gizo ta kwanta mini, domin ta ba ɗalibai aikin hannu na gaske: su ne za su auna, su lanƙwasa bututun roba, su rufe shi da farin yadi don hasken ya yi laushi. Mun riga mun yi gwajin inuwa jiya da tocila da farin zani, har mai gadi ya shigo ya yi nasa. Hajiya, na rubuta gargaɗinki a saman takardar tsarinmu. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: yaya lissafin wuta zai kasance da baka shida, kuma me zan yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar taro, ga shi lokacin hunturu ne da ƙura?

Injiniyan Lantarki, Abuja

Malama, na karɓi gyaran Malam na Rayfield, kuma tsarinsa ya ma sauƙaƙa lissafin. Kowane baka zai ci nadi ɗaya na mita 5, kuma tunda za a rufe shi da yadi, mai ƙwai 30 a mita ya wadatar, wato ƙwai 150 a baka, 900 gaba ɗaya. Iyakar abin da za su ja shi ne wat 270, amma a ɗaki mai duhu rubu'in ƙarfinsu ya isa, kuma ba duka za su kama lokaci guda ba, saboda haka ki ƙaddara wat 70. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 (100Ah) zai riƙe wannan fiye da awa shida ba tare da an zuƙe shi ba, sai a haɗa masa na'urar rage bolt zuwa 5, a sa wa kowane baka fis nasa. Na fi son batir a kan janareto, domin tashi da faɗuwar wutarsa kan sa allon ya sake farawa. Kada kuma a jera bakunan a kan wayar saƙo guda, wato wayar da ke kai umarnin allon zuwa fitilun, a raba su, domin kowane ƙwai yana ƙara ɗan jinkiri kafin saƙo ya kai ƙarshe.

Ƙurar hunturu ba za ta dami fitilun ba idan kika sayi masu rigar roba, na'urorin auna tazarar ne za a riƙa gogewa da busasshen burushi kowace safiya. Abin da ya fi ƙura muhimmanci shi ne sanyin Jos, domin a Disamba iyaye za su zo da rigunan sanyi masu kauri da mayafai, kuma tufafi masu laushi suna shanye sautin maimakon su mayar da shi. Ki kafa kowace na'ura daidai ƙugu tana kallon bangon da ke fuskantarta, a tsara allon ya ɗauki duk wani sauyi daga tazarar mita 2 da ya saba ji a matsayin shigowar mutum, ko tazarar ta ragu ko amsar ta ɓace gaba ɗaya. Kuma su riƙa aika sautinsu ɗaya bayan ɗaya don kada wata ta ji amsar wata. Ranar gwaji ki sa ɗalibi ya lulluɓa da bargo ya bi ta ƙarƙashin bakunan shida, sannan ki turo mini abin da kika gani.