Neman kalma: aikin da ake yi wa dutsen ofal da rezin kafin a goge shi

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin koyarwa na matasan da za a koya wa yankan duwatsu masu daraja a Jos, kuma ranar Litinin za a kai shi wurin bugu. Na tsaya cak a babin ofal ɗin Habasha, wanda aka gano a Wegel Tena cikin yankin Wollo a 2008. Dutsen yana shan ruwa. In aka jiƙa shi sai ya koma garai-garai, launukansa su dushe, sai ya bushe su dawo. Wanda ya cika laushi ko yake shirin tsagewa, akan tsoma shi cikin rezin, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke taurara kamar roba, ya shiga jikinsa ya daskare, sannan a goge. Bature ya kira aikin stabilisation. Ƙamus ya ba ni "daidaitawa", amma ba abin da ake daidaitawa a nan. Ina neman sunan aikin, da sunan shi kansa rezin ɗin. A taimaka.

Ɗan Birni: Ƙarfafawa. Ƙarfafa dutse. An gama.

Baƙauye: Ƙarfafawa ai kowane abu ne, ko kafa wa katanga gwafa aka yi an ƙarfafa ta. Ni dai ciko nake gani, irin yadda ake cewa cikon haƙori.

Magogi: Hajiya, bari in faɗa miki yadda aikin yake a hannu, wataƙila kalmar ta fito da kanta. Da farko ana barin dutsen ya bushe a hankali a inuwa, don in ka gaggauta da rana ko da wuta sai ya yi tsatsage ko'ina. Mu gwajinmu shi ne ka taɓa shi da harshe. In ya manne maka, to mai shan ruwa ne. Bayan ya bushe a wanke shi da sinadarin asiton, a sa shi a ƙaramin kofi, a zuba rezin mai ruwa-ruwa har ya rufe shi, a saka kofin cikin tukunyar da ake zuƙe iska da famfo. Nan za ki ga kumfa yana ta fita daga jikin dutsen, siri-siri, kamar yana tafasa alhali ba wuta. Iskar da ke cikin ƙofofinsa ce ke fita. In kumfan ya tsaya sai a buɗe wa iska hanya, ita ce za ta danna rezin ɗin ya shige inda ta bari. Daga nan a bar shi ya daskare, wani da ɗan ɗumi, wani da sinadarin da ake haɗa masa, wani da fitilar UV. Sai yanka a faifan daimon, sai guga da garin siriyam.

Ciko wani aiki ne daban, Baƙauye. Ciko shi ne dutse yana da tsaga guda da kake gani da ido, ka sa mata rezin irin su Opticon ta ɓace. Wannan kuwa duk jikin dutsen ne ke sha. Kada a haɗa su a kalma ɗaya, yara za su rikice. Musamman yaran nan sun saba ganin tomalin da akwamarin, masu tauri 7 zuwa 8 a ma'aunin Mohs. Ofal 5.5 ne zuwa 6.5, ko ƙurar yashi tana karce shi.

Maman Ihsan: Allah ya saka, Malam Magogi. Na riƙe ciko na tsaga. Saura babban.

Malam Na-Nahawu: Kafin a je ko'ina, me ya sa kowa ke ta rezin, rezin? Hausa ba ta rasa kalma ba. Akwai ƙaro. Aikin kansa kuma kakanninmu sun riga Bature. In an yi daɓe ana zuba masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya shiga ƙasar ya taurara ta, ruwa ya daina cin ta. Wannan shi ne ainihin abin da aka bayyana. Saboda haka ina ba da shawarar makubta dutse, sunan aikin makubtawa, dutsen da aka yi wa kuma makubtacce. Ginin kalmar daidai yake da ƙa'ida.

Ɗan Birni: Allah gafarta Malam, makubtacce? Harshena ya karye.

Baƙauye: Makuba ta yi ma'ana, amma yaron da ya tashi a gidan siminti a Jos bai taɓa ganin daɓe ba. Sai an fassara masa fassarar.

Magogi: Ƙaro ba zai yiwu ba, Malam. Ƙaro yana narkewa a ruwa, shi ya sa ake haɗa tawada da shi. Wannan kuwa dalilin sa shi ke nan, kada ruwa ya shiga. In aka rubuta ƙaro, wallahi sai wani yaro ya je kasuwa ya sayo na mudu ya jiƙa dutsen mutane.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mi za ya hana jima? Fata ɗanya ana tsoma ta cikin bagaruwa ta shiga jikinta, ta daina ruɓewa, sannan a yi aiki da ita. Jemammen dutse. Kowa ya san jima, daga Damagaram har Kumasi.

Ɗan Birni: Jima tana sa fata laushi ne, mu tauri muke nema. Kuma da ma ku can rabin maganarku Faransanci ne, yau kuma ku ne masu ba mu kalma?

Ɗan Damagaram: Mutumin da ke cewa "zan kira ka back" ne zai yi mini gorin Faransanci? Mu dai in mun ara mun san aro muka yi.

Malam Na-Nahawu: Wannan ita ce cutar da nake faɗa. An mai da harshen da ya fi kowane yawan masu magana a Afirka ta Yamma kamar mabaraci, kullum ƙoƙo a hannu. Malamanmu sun zauna sun ƙirƙiro na'ura mai ƙwaƙwalwa, sun ƙirƙiro yanar gizo, ba su ce abin ya fi ƙarfinsu ba. In ma aron ne dole, a ara daga Larabci da muka yi ƙarnuka tare da shi: tasbiti. Amma ni ina kan makubtawa.

Baƙauye: To Malam, kai da kanka in taka ta lalace, wa kake nema, mai gyaran na'ura mai ƙwaƙwalwa ko mai gyaran kwamfuta?

Malam Na-Nahawu: Abin da nake faɗa a kasuwa daban, abin da za a buga a littafi daban. Littafi shi ke koya wa kasuwa.

Ɗan Birni: Kasuwar ba ta karanta ba ke nan.

Maman Ihsan: Don Allah a dawo kan hanya. Injin bugu ba zai jira a raba gardamar Kano da Damagaram ba.

Alhaji Mai Dutse: Na karanta duka. Ni ba malamin harshe ba ne, saye da sayarwa nake yi, kuma mu a tsakaninmu cewa muke "an sa masa gam". Amma ga abin da ba wanda ya taɓo. Ƙarfafawa da daidaitawa da tasbitin Malam duk kalmomi ne masu daɗin ji. Mai saye zai ɗauka alheri aka ƙara wa dutsen. Alhali dutsen da aka sa wa wannan abu kuɗinsa ƙasa yake da wanda Allah ya yi shi haka. Ka kai shi kasuwar duwatsu ta Bankok ko Jaifur ta Indiya, abin da za su fara tambaya ke nan, kuma ɗakunan gwaji irin na GIA suna gano shi su rubuta a takarda. Ko a nan, allura mai zafi in ta taɓa shi a wurin da ba ya nunawa, warin roba za ka ji. Sannan wani gam ɗin yana yin ɗorawa-ɗorawa in ya kwana biyu, dutsen da ka sayar fari tas ya dawo maka da rigima.

Ofal da ma dutse ne da aka saba yi wa dabaru. Na Andamuka a Ostireliya ana jiƙa shi da ruwan sukari a bi da asid, sukarin ya ƙone ya zama baƙi a cikin jikinsa don walƙiyar launukansa ta ƙara fitowa. Na Habasha ana turara shi da hayaƙi ya yi duhu a ce baƙin ofal ne. Duk ba laifi in an faɗa. In an ɓoye, sunansa algus. To ku zaɓi kalmar da yaro ba zai iya faɗarta ba tare da mai saye ya ji cewa an shigar da baƙon abu cikin dutsen ba.

Magogi: Alhaji ya yi gaskiya. To ai ɗura masa ake yi. Iska ce ke danna shi ciki da ƙarfi, ba don dutsen yana so ba. Ɗurin danƙo.

Baƙauye: Wannan ta zauna. Ɗurarren dutse, ba sai an yi bayani ba.

Ɗan Damagaram: Ma'anar ta yi. Amma ku dubi kalmar farko da kyau. In ƙugiyar nan ta faɗi a wurin bugu, ko yaro ya rubuta a wayar da ba ta da ita, abin da zai fito ba ya faɗuwa gaban surukai.

Ɗan Birni: Innalillahi. Na janye maganar Faransanci, ɗan uwa, ka ceci littafin mutane.

Magogi: Subhanallahi. A mai da ita ɗura. Ɗurar danƙo.

Malam Na-Nahawu: Ɗura aikin ungozoma ne da jarirai, ba kalmar ilimi ba ce. Danƙo kuma yana talewa, shi wannan an ce daskarewa yake yi ƙam. Kun ƙi ƙaro don yana narkewa, kun karɓi danƙo da yake miƙewa. Ina adalcin?

Magogi: A nan kana da gaskiya, Malam, danƙo bai cika ba. Sai dai kuskurensa ba ya ɓata dutse. Wanda ya ji danƙo zai tambaya wane iri, wanda ya ji ƙaro yana ganin ya riga ya sani.

Alhaji Mai Dutse: Ku rubuta danƙo, a kasuwa gam za a ce. Ɗurar ce dai nake so ta zauna.

Maman Ihsan: To ga abin da zan kai. Sunan aikin ɗurar danƙo, dutsen da aka yi wa ɗurarre, wanda ba a taɓa ba ɗan asali. Ciko na tsaga kawai. A farkon babin zan bayyana sau ɗaya cewa danƙon nan shi ne wanda ake sayarwa da sunan rezin, don su san abin da za su tambaya a shago, in kuma ƙara layi kan maganar Alhaji ta faɗa wa mai saye. Malam, zan ambaci makuba a matsayin misali cikin bayanin, don ta fi komai nuna yadda abin ke shiga jiki. Na gode ƙwarai.

Ɗan Damagaram: Ni a shirinmu na rediyo jima zan gwada, in ji abin da masu saurare za su ce.

Malam Na-Nahawu: Misali kawai. To. Ban yarda da danƙo ba, kuma a rubuta cewa ban yarda ba. Sannan Hajiya, ki tsaya a kan mai bugun da kanki ki duba ƙugiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, don na ga abin da suke yi wa littattafan firamare.