Wane wando ne ya dace da sherwanin ango?

Ango mai shiri: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara biyar ke nan ina zaune a Haidarabad ta ƙasar Indiya, inda na yi karatu na kuma samu aiki, kuma da yardar Allah za a ɗaura mini aure da wata 'yar garin a watan Disamba. Dangin amarya sun nemi in sa sherwani, wato doguwar riga mai maɓallai a gaba da rufaffen wuya, ranar ɗaurin aure kamar yadda angwayensu suke yi, na kuwa amince, da sharaɗin ranar walima zan fito da babbar riga da hula irin ta gida. An riga an auna mini rigar, launin madara ce, tana wuce gwiwa da kamar yatsa huɗu. Abin da ya tsaya mini shi ne wando, domin telan ya jera mini curidar da faijamar Aligar da salwar da wani mai siffar doti, ya ce in zaɓa. Ina roƙon shawarar waɗanda suka san sha'anin.

Tsohon ɗalibin Aligar: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Na shekara huɗu a Jami'ar Musulmi ta Aligar, inda baƙar sherwani da farar faijama suka zama alamar makarantar, musamman ranar 17 ga Oktoba da ake tunawa da Sir Sayyid Ahmad Khan, wanda ya aza harsashin makarantar, don haka ido na ya saba da wannan shiga. Faijamar Aligar miƙaƙƙen wando ne, ba ya da faɗi sosai, ba ya kuma kama ƙafa, kuma shi na fi so wa mutumin da bai saba da matsattsen wando ba. Sai dai gaskiya ita ce, idan riga ta wuce gwiwa kamar taka, yawancin angwaye curidar suke sa mata, saboda sherwani tana da nauyi da tsayi, kuma idan ƙafa ta fito siririya a ƙarƙashinta sai mutum ya ƙara tsawo da kwarjini. Sunan ma daga “curi” ya samo asali, wato awarwaro, domin ana ɗinka shi ya fi ƙafa tsawo, sai ragowar ta taru a idon sawu ta yi zobe-zobe kamar an jera awarwaro. Salwar kuwa, wato wando mai yalwa, ka ajiye ta don kurta, rigar nan mara nauyi ta zaman gida ko daren lalle, domin yawan yadinta yana kumbura riga daga ƙugu, ya ɓata saukar sherwani.

Maɗinki daga Fagge: Allah ya sa albarka, ango. Ni ɗinki ne sana'ata, kuma na ɗinka curidar da dama, don haka zan yi magana kan abin da idon tela yake gani. Wanda ya san wandonmu tsala zai ɗauka abu ɗaya ne, amma akwai bambanci a yanka. Curidar na asali a karkace ake yanka yadinsa, ba a bin tsawon zare, kuma wannan karkacewar ce take ba shi damar buɗewa kaɗan idan ka lanƙwasa gwiwa, sannan ya koma ya kwanta a sha-raɓa. Idan tela ya yanka shi a miƙe don tsimin yadi, to ranar farko zai matse ka, ko ya yage daga bayan gwiwa. Ka tambayi telanka kai tsaye yadda zai yanka.

Awo kuma guda biyar ne ba a wasa da su: cinya, gwiwa, sha-raɓa, idon sawu, da kewayen diddige zuwa bayan ƙafa. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ake yawan mantawa, alhali ta nan ƙafa za ta bi kafin wandon ya hau, kuma na taɓa ganin ango da ya shafe kusan rabin sa'a yana kokawa da bakin wando ana jiransa a waje. Ka ce a sa maɓalli biyu ko uku a bakin ƙafar. Hantsa kuma a ba ta zurfi, tun da riga za ta rufe ta, babu mai gani. A ƙugu na fi son zariya a kan roba, domin bayan cin biriyanin Haidarabad za ka so ka sassauta, roba kuwa ba ta jin lallashi.

Hajiya mai fataucin yadi: Ɗana, ina taya ka murna, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Abin da Malam tela ya faɗa daidai ne, ni kuma zan ƙara da batun yadi da launi, tun da shekara da shekaru ina saro kaya a can. Launin madara ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗaukar rawaya, akwai mai ɗaukar ruwan hoda, kuma a ƙarƙashin fitilun shago duk ɗaya za ka gan su, sai an fito hoto sannan bambancin ya bayyana. Ka karɓi ƙyallen yadin rigar daga hannun tela, ka tafi da shi Patargatti ko kasuwar Madina da ke kusa da Carminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu, ka fita da yadin bakin ƙofa ka gwada su a hasken rana. Ko dai wandon ya zama launin rigar sak, ko ya bambanta a fili, kamar fari tas ko ruwan zinariya mai duhu. Wanda ya kusa kama amma bai kama ba shi ne yake zama aibi. Kada kuma ka yarda a yi wa wandon ado, domin aikin zardozi na rigar, wato surfani da zaren zinariya ko azurfa, ya isa, wando mai ado ƙarƙashin riga mai ado gajiyar da ido yake yi. Farin yadi mara kauri yana nuna fata idan an haska fitilar masu hoto, saboda haka ka ɗaga shi sama ka duba kafin ka biya.

Malamin Islamiyya: Barka da arziki, ango. Ina so in ja hankali kan abubuwa biyu da suka shafi addini, tun da ɗaurin aure ne na Musulmi. Na farko, alharini tsantsa haramun ne ga namiji, masu shaguna kuwa shi suke fara miƙo wa ango saboda shi ne mai tsada. Musulmin Indiya sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa ake saƙa wani yadi da ake kira mashru, daga kalmar Larabci mai ma'anar abin da shari'a ta yarda da shi, wanda fuskarsa alharini ce cikinsa kuma auduga, har yau ana saƙa shi a Patan da Mandvi na jihar Gujarat. Malamai sun yi saɓani kan gauraye irin wannan, saboda haka mafi kwanciyar hankali shi ne auduga mai kyau ko zaren roba mai sheƙi. Na biyu, ranar aure ba ta ɗauke salla. Ka gwada wandon ka yi ruku'u da sujada da zaman tahiya a gaban telan, ka kuma tabbatar za ka iya janye bakinsa sama da idon sawu don alwala. Wanda yake kiyaye kada tufafinsa su sauka ƙasa da idon sawu zai fi samun sauƙi da faijamar Aligar, domin ita ana iya tsayar da ita daidai inda ake so.

Likita da ta yi karatu a Cennai: Yayana, Allah ya sanya alheri. Game da doti, ina ganin ba naka ba ne a wannan biki. Doti na asali ba ɗinki gare shi ba, yadi ne mai tsawon mita huɗu zuwa biyar da ake naɗawa a ƙugu, kuma kowane yanki da irin naɗinsa. A Tamil Nadu veshti suke cewa, a Kerala mundu mai bakin zinariya, kuma angon can da riga 'yar gajeriya da mayafin kafaɗa yake sa shi, galibi a bikin Hindu. Wanda telanka ya nuna maka ɗinkakke ne da aka yi masa ninki don ya yi kama da doti, kuma kyansa yana cikin ninkin da ke cinya, wanda doguwar rigarka za ta rufe gaba ɗaya. Haka ma wandon Jodfur, mai faɗi a cinya da matsewa daga gwiwa, wanda asalinsa na hawan doki ne, gajeriyar kwat mai rufaffen wuya yake so. Shawarata ita ce ka roƙi surukinka ya nuna maka hoton aurensa, ka ga abin da mazan gidan suke sawa, domin za su ji daɗi ƙwarai idan suka ga ka bi sawunsu.

Ango mai shiri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar 'yar'uwata likita, na je gidan jiya da daddare, kuma a hoton surukina curidar fari ne a ƙarƙashin sherwani, haka ma na mahaifinsa. Na yanke zan ɗinka curidar na auduga mai kauri, fari tas, da maɓallai a bakin ƙafa kamar yadda Malam tela ya ce, sannan in ƙara faijamar Aligar guda ɗaya ta zama a ajiye. Saura tambaya ɗaya: yaushe ya kamata in karɓi ɗinkin?

Maɗinki daga Fagge: Ka karɓa saura mako uku, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin bukukuwa ne a can, teloli ba sa samun sararin gyara. Ka ce a jiƙa yadin a shanya kafin a yanka, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko. Ranar gwaji kuma ka tafi da takalmin mojari, wato na gargajiyar can, da za ka sa, ka sa shi tare da wandon, don telan ya ga inda zoben ƙarshe zai tsaya a bisa bakin takalmin, sannan ka harɗe ƙafa ka zauna a ƙasa na minti goma kafin ka ce ya yi.