Wai "injiniya" ya zare masa katin sauti

Auwalu Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi. Daren Talata aka ɗauke wuta ina cikin aiki, kwamfutata ta tebur ta mutu, da wutar ta dawo ta ƙi tashi sam. Washegari na rungume ta a adaidaita sahu na kai wa wani injiniya. Ya ce fawa-fak, wato abin da ke raba wa kwamfutar wuta, shi ne ya ƙone, ya canja, ya sake ɗora min Windows da VirtualBox, na ƙirga masa naira 18,000. Na dawo gida na buɗe Ubuntu, wani nau'in Linux da nake koyon aiki a kanta a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfutar a cikin Windows, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bidiyon darasi yana tafiya, bakin malamin yana motsi, ni kuwa ko tarinsa ba na ji. In na leƙa wurin sauti sai na ga an rubuta Dummy Output. Kafin na kai ta garau take. Wannan ba sai an je wurin boka ba, katin sautina ya zare ya sayar. Mutanen nan ɓarayi ne wallahi, kowa ya yi hattara.

Bashir Gwale: Wa'alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Amma ƙanina, wa ya gaya maka injiniya ne? Duk wanda ya kafa benci ya riƙe sukundireba sai ku ce injiniya. Ka ce mai gyara. Injiniya shi ne wanda ya yi karatun, ya kuma yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa tun 1970 saboda irin wannan.

Oga Nafi'u: To fa, an zo wurin. Malam Bashir, shekarata 14 ina gyara a Beirut Road. Masu kwalin da kake magana, wurinmu suke kawo laftof ɗinsu in ta ƙi tashi, su zauna a bencin da ka raina, su ce "Injiniya a taimaka". Da bakinsu suke faɗa, ba mu roƙe su ba.

Bashir Gwale: Ai ana ce wa mai kemis likita. Hakan ya mai da shi likita?

Oga Nafi'u: Wancan rai ne, wannan ƙarfe ne. Kar ka haɗa.

Malama Zainab: Malam Auwalu, tambaya ɗaya. In ka rufe VirtualBox ka kunna waƙa ko karatu a Windows ɗin kanta, kana jin sauti?

Kabiru Hotoro: Ni abin da ya ba ni haushi "ɓarayi" da aka ce. Yayana gyara yake a Farm Centre, da shi ya yi aure, da shi yake biya min kuɗin makaranta. Mutum ɗaya ya ɓata maka, sai ka yi wa kowa kuɗin goro?

Bashir Gwale: Ba wanda ya ce sana'a ba ta da albarka. Suna nake magana. Shekara 5 na yi a BUK kafin a kira ni da sunan nan. Akwai injiniya, akwai mai fasaha, akwai mai aikin hannu, kowa da matsayinsa a doka.

Kabiru Hotoro: To Yallaɓai mai shekara 5, ga kwamfuta ta kurumce. Bismillah, gyara mana.

Bashir Gwale: Ni ɓangaren gine-gine na karanta.

Oga Nafi'u: Allahu Akbar. Jama'a na rufe bakina.

Sadiq Sharaɗa: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar Auwalu ɗaya ce, me ya sa zai ɗaure Ubuntu a cikin keji? Ka goge Windows gaba ɗaya ka ɗora Linux a kan ƙarfen kai tsaye. Ma Windows 10 ce fa, wadda aka daina ba wa tallafi tun 14 ga Oktoba 2025.

Ɗan Dorayi: Kullum maganarka ke nan. Ko ciwon kai mutum ya ce yana yi sai ka ce ya sa Linux. In ya goge, da me zai yi wa mutane aikin CorelDraw? Ni shawarata ya bar VirtualBox ya koma kishiyarta VMware, tun 2024 aka mai da ita kyauta.

Sadiq Sharaɗa: Kyautar da ba ka ganin abin da ke cikinta. VirtualBox a buɗe lambobinta suke tun zamanin Innotek, kamfanin da ya ƙirƙiro ta, kafin kamfanin Sun ya saye su a 2008, Oracle kuma ta gaje ta a 2010.

Ɗan Dorayi: Tarihi muka tambaye ka?

Auwalu Kurna: Ni fa ba gardamar suna na kawo ba. Ko injiniya ne ko bakanike, kayana ya ɗauka. Malama Zainab, eh, Windows tana magana, yanzu ma tafsiri nake ji da ita. Ubuntu ce kawai ta yi gum. Wato rabin katin ya bar min ke nan.

Oga Nafi'u: Rabin kati! Innalillahi. Auwalu, katin sauti ba ƙosai ba ne da za a gutsura. Yawancin kwamfutocin tebur na yanzu ma ba su da wani kati daban. Ɗan guntun abu ne kamar ƙwayar wake, galibi na Realtek, an like shi da dalma a jikin madabod, babban allon da ke cikin kwamfuta, kusa da koren ramin da kake soka sifika a baya. Wa zai ɓata gas ɗinsa ya cire abin da ba mai saye? Ka kashe ta ka kunna kawai.

Malama Zainab: To alhamdu lillahi, tunda Windows tana magana ba a sace maka komai ba. Bari na yi maka dalla-dalla. Kwamfuta biyu gare ka a akwati ɗaya: Windows ce mai gida, Ubuntu baƙuwa ce. Baƙuwa ba ta taɓa ganin kayan sautinka na gaske ba ko sau ɗaya. VirtualBox ce take ƙaga mata kati na kwaikwayo, ta karɓi sautin daga hannunta ta miƙa wa mai gida, mai gida ta kai sifika. Dummy Output ɗin da kake gani, Ubuntu ce take cewa ta duba ba ta ga kati ko ɗaya ba, sai ta ajiye na wofi a gurbinsa. Zato na, da mai gyaran ya sake ɗora VirtualBox ya haɗa sabuwar baƙuwa da tsohon faifanka, sautin bai kunnu ba a saitin. Buɗe taminal, wato wurin rubuta umarni, a Ubuntu ka rubuta aplay -l ka gaya min abin da ta ce.

Malam Habu Mai Hausa: Gafara dai Malama, ina bin bayaninki da sha'awa, amma ku daina cewa kwamfuta "tana magana". Magana ta mai rai ce. Na'ura sauti take fitarwa, ko ƙara.

Kabiru Hotoro: Malam, rediyo fa? Tun muna yara ake cewa rediyo tana magana.

Malam Habu Mai Hausa: Mutumin da ke cikinta ne yake magana.

Kabiru Hotoro: To ai shi ma Auwalu malamin tafsirin ne a ciki.

Malam Habu Mai Hausa: Kuma shi kansa "injiniya" ɗin da kuke ta faɗa a kai, aro ne. Da Hausa ta karɓe shi ta faɗaɗa shi, kamar yadda ta yi wa "malam". Yau duk namiji malam ne ko bai san alif ba. Harshe ba ya neman izinin hukuma.

Bashir Gwale: Da girmanka Malam, wannan ita ce hanyar da gini yake bi ya rufto a kan mutane. Kowa injiniya, in ɓarna ta faru a rasa wa za a kama.

Oga Nafi'u: Ginin da yake ruftawa dai ba mu masu benci muke sa masa hannu ba.

Bashir Gwale: Ka janye wannan maganar.

Oga Nafi'u: Ban kama suna ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Auwalu Kurna: Malama, ta ce no soundcards found. Na je saitin VirtualBox kamar yadda na ga ana yi, wurin Audio ɗin duk ya dushe, ya ƙi taɓuwa. Kin gani ko? Har kulle min ya yi don kar na gane.

Malama Zainab: Ba wanda ya kulle. Ya kake rufe Ubuntun?

Auwalu Kurna: Ina danna alamar rufewa a sama, na zaɓi na farko. Saboda wuta, in an kawo na ci gaba daga inda na tsaya.

Malama Zainab: Shi ne. Na farkon Save the machine state ne, wato ka sa ta barci da kayanta a jiki, ba ka kashe ta ba. VirtualBox ba ta yarda a canja wa baƙuwa kayan ciki tana wannan halin. Shiga Ubuntu ka kashe ta daga ciki, sai ka ga an rubuta Powered Off a ƙarƙashin sunanta. Sannan ka koma Audio ka sa alama a Enable Audio da Enable Audio Output. Wurin Audio Controller za ka ga uku: ICH AC97, da Intel HD Audio, da SoundBlaster 16. Manta da na ƙarshen, na tsofaffin manhajoji ne. Fara da AC97, shi ake ba Ubuntu tun asali, in ya ƙi ka sake kashewa ka gwada Intel HD Audio. Da baƙuwar Windows 10 ce da kai tsaye zan ce HD Audio, don ba ta zuwa da direban AC97, wato manhajar da ke sa katin aiki.

Sadiq Sharaɗa: Duk wannan wahalar, da layi ɗaya zan gama ta: systemctl --user restart pipewire wireplumber. Tun fitowa ta 22.10 Ubuntu ta canja manhajar sarrafa sauti, ta bar PulseAudio ta koma PipeWire.

Malama Zainab: Gaskiya ne ta koma, amma PipeWire me za ta kama tunda kati babu? Sai an ga kati tukuna. In ya bayyana kuma har yanzu shiru, sai ya buɗe alsamixer, mahaɗin sauti na cikin taminal, duk layin da ya ga MM a ƙasansa a toshe yake, ya danna M. Ya kuma leƙa mahaɗin sauti na Windows ko an rage wa VirtualBox ita kaɗai.

Maman Ilham: Salam, akwai zannuwan gado da labule masu kyau, ana kaiwa har gida a cikin gari.

Ɗan Dorayi: Hajiya ba nan ba ne.

Bashir Gwale: Har yanzu ina jiran a janye maganar gini. In ba haka ba zan fita daga zauren nan.

Kabiru Hotoro: Wannan karo na 3 ke nan da kake fita a watan nan.

Oga Nafi'u: Ni ma ina jiran Auwalu ya janye "ɓarayi". Yaran da ke shagona su 6 ne, wani maraya ne, wani daga Wudil yake zuwa kullum. Da za su zauna a gida jiran kwali da yanzu wa ya san inda suke.

Bashir Gwale: Ka ga irin ta, da an yi maganar ƙa'ida sai a kawo marayu.

Auwalu Kurna: Ya dawo! Wallahi ya dawo! Enable Audio ɗin ne babu alama. Na sa, na kunna, sai ga muryar malamin har na firgita don na ƙure sifika. Amma dai wa ya cire alamar? Ai shi ne.

Oga Nafi'u: Ba na ce ka kashe ka kunna ba?

Malama Zainab: Hmm.

Alhaji Tasi'u, shugaban zaure: Jama'a ya isa haka, saƙo ya haura 200, wasu na ƙorafin data. Na dawo daga shago na karanta komai, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu Auwalu ya zo da zargi mai nauyi a kan masu gyara, kuma ta tabbata a gaban kowa cewa ƙazafi ne, mai gyaran ya yi aikinsa tsaf. Oga Nafi'u, da gogewarsa ta shekara 14, tun farko ya gano cewa a kashe a kunna ne maganin, kuma da aka kashe aka kunna sauti ya dawo. Wasu ma sun ɗan taimaka da bayani, Allah ya saka. Maganar suna kuwa, Malam Habu masanin harshe ya yanke hukunci cewa mai gyara injiniya ne, kuma mafi yawan zaure sun gamsu, sai mutum ɗaya. Abin da muka ƙaru da shi, wannan Linux ɗin wahala ce, wanda yake son kwanciyar hankali ya zo a ɗora masa Windows 11 a kan na'ura mai kyau, akwai su a shago. An rufe wannan magana, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Malam Habu Mai Hausa: Alhaji ban yanke hukunci ba fa, bayanin aro na yi.

Sadiq Sharaɗa: Alamar da aka manta a VirtualBox ce, ina ruwan Linux? Kuma kwamfutar Auwalu ko TPM 2.0, ɗan abin tsaron da Windows 11 take nema, ba lallai tana da shi ba.

Bashir Gwale: "Mafi yawa" su wa? Yaushe aka ƙirga?

Auwalu Kurna: Malama Zainab, afuwan, yanzu kuma makirfon ne ba ya ɗauka, ina da aji da ƙarfe 8.

Malama Zainab: Enable Audio Input, yana ƙasan wanda ka taɓa ɗazu, a kashe yake zuwa. Ko ka tambayi Oga Nafi'u.

Oga Nafi'u: Kawo ta shago gobe yaro ya duba maka.