Tarkon fitila na maganin tsutsar 'ya'yan itace kuwa?

Mai_Lambu:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu lambu ina da tambaya. Tsutsa ce ke shiga cikin 'ya'yan itatuwana, aka ce min malam buɗe littafin dare ne ke sa ƙwai, sai na rataya fitilar sola da roba ta ruwan sabulu a ƙasa. Kullum da safe robar cike take da ƙwari amma ɓarnar tana nan yadda take. Kalar fitilar ce matsala ko me?

Baba Manomi:
Wa alaikas salam ɗana. Kala tana da tasiri sosai, idon ƙwarin dare ya fi kama hasken UV, wanda mu ba ma gani, sai shuɗi da kore. Ja da rawaya ba su cika jan su ba. Kuma in akwai farin wata kamun yana raguwa, haka ma daren sanyi ko iska.

Ummu_Salma:
Yaya ka duba robar da kyau tukuna, cikarta ba shi ne nasara ba wlh. Fitila ba ta zaɓe, har ƙwari masu amfani take kwashewa, irin ƙananan zanzaron nan da ke kashe tsutsa, ka ga kenan kana rage masu taimakonka. Sannan macen da ta faɗa tarko sau da yawa ta riga ta zuba ƙwanta a ganye ko jikin ɗan itacen, toh me aka tare? Malam buɗe littafin da tsutsarsa ke ɓata tuffa ma, wato Cydia pomonella, da magariba yake tashi ya yi harkarsa, kuma masu gonakin tuffa sun fi dogara da tarkon ƙamshin mace wato feromon, yana kama mazan irin guda kawai, da shi ake gane lokacin da ya kamata a yi feshi.

Mai_Lambu:
Ikon Allah, to me ke kawo su wurin fitilar tun farko Malama?

Ummu_Salma:
Wani bincike da ya fito a 2024 ya nuna ba son hasken suke ba, ƙwaro in yana tashi bayansa yake juyawa wajen da ya fi haske don ya san ina ne sama, sai fitila ta rikita shi ya yi ta kewayawa.

Baba Manomi:
Gaskiya ne 'yata. Akwai kuma manyan malam buɗe littafin daren nan masu huda lemo da mangwaro da baki su tsotse ruwan, su tarkon fitila ba ya kama su sosai. A Japan fitila rawaya ake kunna musu a lambu, ba don kamu ba, hasken ne ke sa su ɗauka gari ya waye sai su lafa. Kai dai ɗana fara tsince 'ya'yan da suka faɗo ka binne da zurfi, ka matsar da fitilar gefen lambu, sannan ka turo mana hoton tsutsar mu ga wace iri ce.