Abin da majalisar Nima ta ce kan littafina

Jiya a wajen shan shayin ataya a unguwar Nima ta Accra na karanta wa 'yan majalisa babi biyu na littafina na labarin fasa-ƙwauri, wallahi sun tsefe shi tas. Alhaji ya ce ɗana, kwastan ɗinka ya cika tsarki, ɗora masa kuɗin haya da na makarantar yara tukuna mu ga ko zai mayar da ambulan ɗin cin hancin. Hajiyar cikin littafin da ke naɗa atamfa a ƙugu daga Lome ta ratso Aflao, garin kan iyakar Ghana da Togo, kuma aka ce kar in maishe ta muguwa, marayu take ciyarwa. Wani direba ya ce masu kai koko Kodebuwa farashi ke tura su, in sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi buhu ya fi kuɗi can. Soyayyar wai in rage, ni kam ban yarda ba.