Wai duk wuraren da ke cikin fina-finan The Lord of the Rings suna nan a Niyu Zilan?

Mai Kyamara: Jama'a, ni dai ina kan bakana. An yi kwana 274 ana ɗauka, daga Oktoba 1999 zuwa Disamba 2000, a wurare sama da 150. Duk abin da ka gani a fim ɗin, in ka je za ka tarar da shi. Ƙasar ce Allah ya yi wa kyau, ba aikin kwamfuta ba ne.

Hajiya Babba: Malam, ka ɗan sassauta. Ɗauki Edoras, garin nan da ke kan tudu a fim ɗin. Tudun yana nan, sunansa Mount Sunday a yankin Canterbury, amma garin da ke kansa ginawa aka yi, wata tara ana aiki, da aka gama ɗauka aka kwashe komai. Yau ciyawa ce kawai da iska.

Mai Kyamara: To ai tudun na gaske ne. Hobbiton fa, ƙauyen gajerun mutanen nan da ake kira hobbit? Gobe ka sayi tikiti ka shiga.

Kafinta: Nan ne ma maganarka ta fi rauni, yaya. Wanda ake shiga yanzu ba shi aka ɗauka a fina-finan farko ba. Gonar tumaki ce kusa da Matamata, daraktan fim ɗin Peter Jackson ya hango ta daga jirgi mai saukar ungulu a 1998. Sojoji suka fasa hanya ta kilomita ɗaya da rabi. Gidajen kuwa da falankin filawud da soso aka yi su, kayan da ba sa jure ruwan sama, don ba a yi su don su daɗe ba. Aka rushe, fuskoki 17 suka rage. Sai da za a yi fina-finan The Hobbit aka sake ginawa da kayan ƙwarai, gida 44. Itacen da aka gani a saman gidan Bilbo, ɗaya daga cikin hobbit ɗin, a fina-finan farko ma sare shi aka yi a wani wuri, aka sa wa kowane gunduwa lamba aka harhaɗa, ganyen roba daga Taiwan aka ɗaura ɗaya bayan ɗaya da waya.

Hajiya Babba: Kuma yawancinsu ƙofa ce kawai. Cikin ɗakin a sutudiyo aka ɗauka, a Wellington.

Mai Kyamara: Na ji. Dutsen nan mai aman wuta na fim ɗin fa? Ngauruhoe ne, kowa ya sani.

Ɗan Tela: Siffarsa aka ara. Ƙololuwarsa abin girmamawa ce a wurin Maori, 'yan asalin ƙasar, ba a yarda a ɗauke ta ba, sai aka haɗa da ƙaramin samfuri da kwamfuta. 'Yan wasan a gangaren wani dutsen, Ruapehu, suka taka. Helm's Deep, ganuwar da aka gwabza yaƙi a fim ɗin, kuma ramin fasa dutse ne kusa da Wellington, aka yi watanni ana ɗaukar dare cikin ruwa. A ramin nan dai aka kuma gina birnin Minas Tirith na fim ɗin.

Mai Kyamara: Amma duwatsun ƙanƙarar da aka kunna wa wutar gangami, waɗannan ba wanda ya sassaƙa su.

Kafinta: Duwatsun kam na yarda. Wutar fa?